Yadda ake haɗa gine-gine masu maƙwabtaka da intanet mai sauri ba tare da binne waya ba

A yawancin manyan asibitoci, jami'o'i, kwalejoji da sakatariyoyin ƙananan hukumomi na ƙasar nan, gine-gine a warwatse suke cikin fili mai faɗi. Ofishin gudanarwa na gefe guda, ɗakin gwaje-gwaje na wani gefen, ɗakin ajiyar magunguna ko ɗakin karatu kuma wani lokaci sai an tsallaka titi kafin a kai gare shi. Sau da yawa layin intanet da hukuma ke biyan kuɗinsa duk wata a gini ɗaya yake tsayawa. Sauran ma'aikata sai su dogara da datar wayoyinsu, ko kuma a ci gaba da aika masinja da takarda a hannu.

A asibiti wannan matsala kan taɓa lafiyar mutane kai tsaye. Sakamakon gwajin jini da ya kamata likita ya gani a kwamfutarsa cikin daƙiƙa kaɗan sai ya jira wanda zai ɗauko shi, majiyyaci na kwance yana jira. A makaranta kuwa, a sayi kwamfutoci a cika ɗaki da su, amma su zauna ba su da hanyar isa ga bayanan da ke babban ofishi.

Ɗaya daga cikin hanyoyin magance wannan ita ce haɗa ginin da ke da intanet da sauran gine-ginen ta siginar rediyo, wato a kafa eriya a saman kowane gini, su fuskanci juna. Hanyar tana da sauƙin kuɗi da saurin kafawa, amma tana da sharuɗɗan da idan aka yi sakaci da su, kuɗin da aka kashe zai tafi a banza.

Me ya sa ba a ja waya kawai?

Wayar tagulla da ake haɗa kwamfutoci da ita a ofisoshi tana da iyaka. Ƙa'idar da aka ƙera ta a kai ta ce tsawonta kada ya wuce mita 100 tsakanin na'ura da na'ura. Da zarar an wuce haka sai saƙo ya fara rauni, ko ya yanke gaba ɗaya. Akwai kuma haɗari idan aka ja ta a sarari daga wani gini zuwa wani, domin tagulla na ɗaukar wuta. Tsawa guda a damina na iya bin wayar ta ƙona na'urorin gine-ginen biyu lokaci ɗaya.

Wayar gilashi, wadda aka fi sani da fayiba, ba ta da waɗannan matsaloli. Haske take ɗauka, ba wutar lantarki ba, kuma tana kai saƙo kilomita da yawa ba tare da ya raunana ba. Wahalarta tana wajen shimfiɗawa: haƙa rami, saka bututu, fasa kwalta ko siminti, da neman izini idan za a ratsa titin gwamnati. Tun a shekarar 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince da naira 145 a matsayin kuɗin izinin shimfiɗa mita ɗaya na fayiba, amma jihohi da dama sun daɗe suna karɓar abin da ya ninka haka sau da yawa. A 2020 jihar Ekiti ta sauko da nata zuwa naira 145, jihar Kaduna kuma ta yafe kuɗin baki ɗaya. Ko bayan an binne wayar, masu aikin titi da masu haƙa magudanar ruwa kan tsinke ta, wanda hakan na cikin manyan koke-koken kamfanonin sadarwa a Najeriya.

Saboda haka, inda tazarar ta wuce ƙarfin wayar tagulla, kuma haƙa rami ya yi tsada ko izini ya gagara, haɗin rediyo kan zama mafita.

Yadda haɗin ke aiki

Fasahar 'yar uwa ce ga Wi-Fi ɗin da aka sani a gidaje da ofisoshi. Bambancin yana wajen eriya. Na'urar Wi-Fi ta cikin gida tana watsa siginarta ko'ina kamar ƙwan fitila a tsakiyar ɗaki, shi ya sa ba ta nisa. Eriyar haɗa gine-gine kuwa tana tattara siginar ta harba ta waje guda kamar tocila. Da ƙarfin wuta kaɗan sai ta kai ɗaruruwan mita, wani lokaci kilomita da dama.

Ana ɗaure na'ura ɗaya a saman ginin da ke da intanet, a ɗaure ta biyu a saman ginin da ake son kaiwa, a saita su su kalli juna. Daga kowace na'ura waya ɗaya ce ke saukowa cikin gini, kuma ita ce ke ɗaukar bayanai tare da wutar da na'urar ke aiki da ita. Ga kwamfutocin da ke ciki, tamkar an ja doguwar waya ce tsakanin gine-ginen biyu.

Idan gine-ginen da za a haɗa sun fi biyu, akan kafa eriya mai faɗin fuska a gini mafi tsawo ko a kan hasumiyar tankin ruwa, sauran gine-ginen duka su fuskance ta. Wannan ya fi araha, sai dai dukkansu za su raba saurin eriyar guda a tsakaninsu.

Tunanin ya daɗe. A 1931 an gwada aika saƙo da siririyar siginar rediyo tsakanin Dover ta Ingila da Calais ta Faransa, a tsallaken teku. A 1971 Jami'ar Hawaii ta Amurka ta haɗa kwamfutocinta da ke tsibirai daban-daban ta rediyo. Ƙa'idar Wi-Fi ta farko ta fito a 1997 da saurin megabit 2 kacal a daƙiƙa. A yau ƙananan na'urori na kamfanoni irin su Ubiquiti, MikroTik da Cambium na kai ɗaruruwan megabit, wasu har gigabit guda, wato megabit 1,000. A nan gida ma, Gidauniyar Fantsuam da ke yankin Kafanchan a jihar Kaduna ta kafa irin wannan hanyar sadarwa mai suna Zittnet tun a shekarun 2000, domin kai intanet ga cibiyoyin da ke kewaye da ita.

Sharaɗi na farko: eriya ta ga eriya

Mafi yawan haɗin da ke lalacewa, daga nan matsalarsu ke farawa. Siginar da ake amfani da ita ba ta iya ratsa bango mai kauri, rufin kwano ko ganyen bishiya ba tare da ta yi rauni sosai ba. Dole wanda ya tsaya a inda eriya ta farko take ya hango inda ta biyu take.

Hangen ido kaɗai bai wadatar ba. Siginar ba ta tafiya a kan siririn layi kamar zare. Tana buɗewa a tsakiyar hanya ta sake tsukewa a ƙarshe, kamar siffar ƙwai mai tsawo. Masana na kiran wannan sarari yankin Fresnel, da sunan masanin kimiyyar haske ɗan Faransa Augustin Fresnel, wanda ya rasu a 1827. Ƙa'idar aiki ita ce aƙalla kashi 60 cikin 100 na wannan sarari ya kasance babu abin da ya shige shi.

A ɗauki misalin gine-gine biyu masu tazarar mita 500. Idan na'urar na aiki a zangon gigahaz 5, sararin kan buɗe kusan mita 2.7 ta kowane gefe a tsakiyar hanya. Ke nan ana buƙatar kan bishiya ko rufin da ke tsakani ya kasance ƙasa da layin da aƙalla mita 1.6. A zangon gigahaz 60 sararin ya fi tsukewa, rabin mita ya isa.

Nan ne bishiyoyi ke yaudarar masu aiki. Wanda ya duba hanya a watan Fabrairu, lokacin da itatuwa da yawa suka kakkaɓe ganye, zai ga fili. A watan Agusta ganye ya cika kuma ya jiƙe, sigina ta faɗi. Darbejiya da mangwaro kuma ƙara tsawo suke yi kowace shekara. Haka nan maƙwabci na iya ɗora bene a tsakani. Mai lura yakan bar rarar tsawo tun ranar kafawa.

Zaɓen zango: nisa ko sauri

Zangon rediyo kamar titi ne: akwai mai faɗi, akwai matsattse, akwai mai cunkoso. Uku ne aka fi amfani da su a irin wannan aiki.

Zangon gigahaz 2.4 shi ne mafi tsufa. Yana jure ƙananan shingaye fiye da sauran, amma tashoshi uku kacal yake da su waɗanda ba sa shiga juna, kuma kusan kowace waya, na'urar Wi-Fi da abin sauraro na Bluetooth a kansa suke. A cikin birni cunkoson ya yi yawa.

Zangon gigahaz 5 shi ne aka fi dogara da shi. Yana da tashoshi masu yawa, ruwan sama bai cika damun sa ba, kuma da eriya mai siffar faranti yana kai kilomita da dama. Na'urorinsa kan ba da ɗaruruwan megabit a daƙiƙa idan hanya ta yi kyau. Matsalarsa ita ce a manyan birane kamar Legas, Kano da Abuja, eriyoyin masu sayar da intanet sun cika saman benaye, suna yi wa juna kutse.

Zangon gigahaz 60 shi ne na masu son sauri sosai a gajeriyar tazara. Faɗin tasha ɗaya a nan gigahaz 2.16 ne, wato ya ninka tashar Wi-Fi ta megahaz 20 fiye da sau 100. Da shi ake samun gigabit guda tsakanin gine-gine masu tazarar 'yan ɗaruruwan mita. Bambancin a aikace a bayyane yake: fayil mai girman gigabayit ɗaya, kamar tarin hotunan ɗakin ɗaukar hoton ƙashi, kan ɗauki kimanin daƙiƙa 80 a layin megabit 100, amma daƙiƙa 8 a layin gigabit guda.

Wannan zango na da wata ɗabi'a ta musamman. Iskar oksijin da muke shaƙa tana tsotse siginarsa. A tafiyar kilomita ɗaya, oksijin kaɗai kan rage ƙarfin siginar har ya rage kimanin kashi 3 cikin 100. Wannan ya hana shi nisa, amma kuma ya zama alheri ta wata fuskar: siginar ba ta wuce inda aka nufa ta je ta dami wasu, kuma ana iya kafa haɗi da yawa a unguwa ɗaya ba tare da sun shiga juna ba.

Akwai kuma hanyar da ke amfani da hasken leza maimakon rediyo. Tana da sauri, amma duk abin da ya hana ido gani yana hana ta aiki.

Damina da hunturu

Yanayin Najeriya na da tasiri kan wannan zaɓi. Gwargwadon hawan zango, gwargwadon yadda ɗigon ruwan sama ke tarwatsa sigina. A gigahaz 5 tasirin kaɗan ne. A gigahaz 60 kuwa ruwa mai ƙarfi na iya rage saurin haɗin ko ya yanke shi na ɗan lokaci, musamman idan an miƙa tazarar har iyakar ƙarfin na'urar. A garuruwa masu yawan ruwa kamar Fatakwal, Kalaba da Warri, ya fi dacewa a taƙaita tazarar fiye da abin da aka rubuta a kwalin na'ura. Shi ya sa wasu kamfanoni ke haɗa rediyo biyu a na'ura ɗaya: na gigahaz 60 don aikin yau da kullum, na gigahaz 5 kuma ya karɓi aiki da kansa idan ruwa ya sauko.

A Arewa damuwar ta fi karkata ga iska da ƙura. Hazon hunturu bai cika hana siginar rediyo wucewa ba, amma yana iya makantar da haɗin leza. Guguwar farkon damina kuma kan girgiza ƙarfen da eriya ke kai. Siginar gigahaz 60 siririya ce ƙwarai, ɗan karkacewa kaɗan ya isa ya kautar da ita daga abokiyarta. Ƙarfe mai kauri da ɗauri mai ƙarfi sun fi dogon bututu mai lilo a iska.

Tsawa da wutar lantarki

Eriya a saman gini ita ce abu mafi tsawo a wurin, don haka tana cikin haɗarin tsawa. Ko da tsawar ba ta faɗa mata kai tsaye ba, wutar da ta haifar a kusa na iya bin waya ta shiga gini. Kariya ta ƙunshi abu uku: a haɗa ƙarfen eriya da sandar tagulla da aka binne a ƙasa, a yi amfani da waya mai rufin ƙarfe wadda aka yi don waje, sannan a saka na'urar tare hauhawar wuta kafin wayar ta shiga ɗaki. Kuɗin waɗannan bai kai na sauya na'urorin da suka ƙone ba, amma su ne abin da ɗan kwangila mai son rage kashe kuɗi kan fara cirewa.

Ta fuskar wuta, na'urorin ba su da ci. Yawancinsu na aiki da kimanin wat 10, wato awa 24 na cin wat-awa 240, abin da ƙaramin faifan sola da batir ɗaya za su iya ɗauka. Abin lura shi ne haɗin na buƙatar wuta a ɓangarorin biyu. Idan babban ofishi na da janareta amma ɗakin gwaje-gwaje ba shi da shi, da zarar an ɗauke wuta haɗin ya mutu. Idan kuma gine-gine biyar sun dogara da eriya ɗaya a tsakiya, mutuwar batirinta na nufin yankewar dukkansu.

Tsaron bayanai da bin doka

Saƙon da ke bin iska kowa na iya kama shi idan yana da na'urar da ta dace. Saboda haka wajibi ne a kunna tsarin kulle saƙo, kamar WPA2 ko WPA3, a sauya kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita daga kamfani, kuma a riƙa sabunta manhajarta. Ga asibitoci da makarantu wannan ya wuce batun son rai. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, kuma ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kulawa ta musamman.

Zangon rediyo kuma dukiyar ƙasa ce. A ƙarƙashin Dokar Sadarwa ta 2003, Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ce ke kula da zangunan da ake amfani da su a harkar sadarwa. Akwai sassan da aka buɗe wa jama'a ba tare da lasisi ba bisa wasu sharuɗɗa, kamar iyakar ƙarfin da na'ura za ta fitar, akwai kuma waɗanda sai da lasisi. Hukumar ce kuma ke tantance nau'in na'urorin sadarwa kafin a sayar da su a ƙasar nan. Wanda ya haɗa gine-ginensa don amfanin kansa daban yake da wanda zai sayar wa jama'a intanet, domin na biyun na buƙatar lasisin hukumar. Idan aikin ya kai ga kafa doguwar hasumiya, musamman kusa da filin jirgin sama, akwai buƙatar izinin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama.

Abin da haɗin ba zai yi ba

Kuskuren da aka fi yi shi ne zaton cewa haɗi mai saurin gigabit zai ƙara saurin intanet. Haɗin kamar bututu ne, ruwan da aka zuba masa shi yake kaiwa. Idan hukuma na biyan kuɗin megabit 20 daga kamfanin sadarwa, gine-ginen da aka haɗa duka za su raba wannan 20 ɗin ne. Inda saurin gigabit ke amfani shi ne aikin cikin gida: buɗe fayil ɗin majiyyaci daga babbar kwamfutar asibiti, kallon kyamarorin tsaro daga ofishi ɗaya, ko kiran waya tsakanin sassa ba tare da sayen kati ba. Waɗannan na ci gaba da aiki ko da intanet ta waje ta yanke.

Lambar da ke jikin kwali ma tana buƙatar lura. Yawancin waɗannan na'urori ba sa aikawa da karɓa a lokaci guda, suna yi ne bi da bi cikin saurin da mutum ba ya ganewa. Saurin da ake samu a zahiri kan gaza wanda aka tallata, wani lokaci da kusan rabi.

Don haka kafin shugaban wata hukuma ko makaranta ya sa hannu a kwangila, yana da kyau ya nemi amsar wasu tambayoyi a rubuce. An hau saman gine-ginen an duba hanya, ko daga taswira aka yi lissafi? An auna cunkoson zangon a wurin? Wane sauri aka yi alkawari, kuma za a gwada shi a gaban mai aiki kafin biyan kuɗi? Kariyar tsawa da batir na cikin lissafin? Wa zai riƙe kalmar sirri bayan ɗan kwangila ya tafi? An ajiye na'urar canji ko da guda ɗaya, kuma an koya wa ma'aikacin cikin gida yadda zai duba ƙarfin sigina?

Matsayinsa a tsarin ƙasa

Shirin Faɗaɗa Intanet Mai Sauri na Ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sa burin samar da aƙalla megabit 25 a birane da megabit 10 a karkara. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta amince da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na fayiba, kuma a shekarar ce aka ayyana kayayyakin sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba su kariya ta musamman. Irin waɗannan manyan ayyuka kan kawo waya ne zuwa gari ko zuwa ƙofar hukuma. Rarraba ta zuwa kowane aji, kowane ɗakin jinya da kowane ofishi nauyi ne da ke kan hukumar kanta.

Inda fili na hukuma ne, babu titin da za a fasa, kuma ana sa ran amfani da ginin shekaru masu yawa, fayiba ce ta fi dacewa, domin ruwa da tsawa ba sa taɓa saƙonta kuma ana iya ƙara saurinta ta hanyar sauya na'urorin bakinta kawai. Inda akwai titi, kogi, dutse ko filin wani a tsakani, ko ginin na haya ne, ko ana buƙatar aiki ya fara cikin mako guda, haɗin rediyo ya fi sauƙi. Cibiyoyi da yawa na haɗa biyun: fayiba a matsayin babbar hanya, eriya kuma a saman gini tana jiran ranar da motar haƙa ƙasa za ta tsinke wayar.